Ƙarfen da Baba Ya Binne a Sahun Farko

Yanzu idan lokacin salla ya yi a nan Samaru, aljihun mutane ne ke fara kira kafin ladan. Kana zaune a rumfar mai shayi sai ka ji wayar wannan ɗalibi ta ɗauka, ta wancan ta amsa, ta uku ta biyo baya da muryar wani Balarabe, sannan can lasifikar masallaci ta yi gyaran murya. Ba na ƙin abin, tunatarwa ce, balle ni da kunne ya fara nauyi. Amma ni a Sabon Gari na tashi, lokacin da masu agogo a layinmu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma da ido da kunne muka san lokaci. Inuwar katangar gidanmu idan ta juyo ta taɓa bakin kwata, azahar ta yi. Jirgin kaya idan ya yi kuka a tasha da yamma, kowa ya laluɓi butarsa. Ran Lahadi kuwa ƙararrawar cocin da ke bayanmu ita ke gaya wa Inna hantsi ya yi, a fitar da shanya. Ladanmu ba shi da lasifika, kan turmi yake hawa, ya toshe kunne ɗaya, kuma har kasuwa ana jin sa saboda babu janareta da babura masu cinye murya. Aikina a gida shi ne cika tulun alwala daga famfon bakin titi, sau biyu kullum, kuma na sha ranƙwashi a kan tulun nan fiye da a kan karatu.

Baba kafinta ne, mutum mai ƙarancin magana da yawan kallo. Zarto ya taɓa cin rabin ƙaramin yatsansa na dama tun kafin a haife ni, kuma da wannan hannun yake ƙirga mana shika-shikan Musulunci. Yakan fara da babban yatsa, ya ce wannan kalmar shahada ce, in babu shi hannu ba ya riƙe komai. Ya wuce salla, ya wuce zakka, ya wuce azumi, idan ya zo kan guntun yatsan sai ya yi murmushi ya ce, "Wannan kuma hajji ne, ga irinmu ɗan guntu ne, sai wanda Allah Ya tsawaita wa." Sannan ya dawo kan manuni ya riƙe shi da kyau. Ya ce zakka sai mai abu, azumi baƙon shekara ne, hajji sau ɗaya ne ga mai iko, amma salla ita ce ba ta ba ka hutu, kana da lafiya ko kana kwance, kana da tuwo ko babu. Bai taɓa zuwa Makka ba har ya koma ga Allah. Ina jin shi ya sa ya ɗauki maganar alƙibla da zafi haka, tun da ƙafarsa ba za ta je ba, yana so fuskarsa ta je daidai.

A lokacin ba mu da masallaci a layin. Ana shimfiɗa tabarmi a wani ɗan fili kusa da shagon Baba, a bi miƙewar titi a tayar da salla. Titunan Sabon Gari kuwa Turawa suka ja su da igiya, miƙaƙƙu, kuma wanda ya ja su ba Makka ce a gabansa ba. Babu wanda ya damu, gabas dai gabas ce. Sai da wani tsoho ya sauka a layinmu, wanda muke kira Alhaji Mai Ƙafa domin da ƙafa ya je hajji, ya yi shekaru a hanya yana noma yana dako kafin ya isa ya dawo. Ranar da ya fara bin mu salla, bayan sallama ya juyo ya ce da Baba, "Malam kafinta, sallarku ta yi, Allah Ya karɓa. Amma in kun bi titin nan kuka miƙe, ba inda na je za ku je ba." Baba ya tambaye shi to ina ne. Tsohon ya ce rana ba ƙofa ɗaya take fitowa ba. Da sanyi tana fitowa ta hannun dama, idan damina ta kama sai ta riƙa matsawa hagu kullum kaɗan-kaɗan, har ta kai wani wuri ta tsaya kwanaki kamar mai shawara, sannan ta juya. Ya ce, "Inda ta tsaya ɗin nan, nan ce hanyar. Na sa ta a goshina na bi, ban ɓata ba."

Da mutanen layi suka yanke shawarar gina masallaci a filin, suka ɗora wa Baba fitar da alƙibla. Sai ya yi abin da kafinta zai yi. Ya kafa turke a tsakiyar filin, ya kafa wani dogon katako a kwance kan ƙafafu biyu a gefen gabas, ya ba ni guduma da gwangwanin ƙusa. Ya ce kullum bayan asuba in tsaya a turken, in sa haɓata a kansa, in jira rana ta ɓullo, in je in buga ƙusa ɗaya a katakon daidai inda ta fito. Ranar da hadari ya rufe, babu ƙusa. Ya ce ƙusoshin za su riƙa tafiya hagu, ranar da na ga sun fara hawa kan juna, to rana ta tsaya, sai a ja igiya. Shi ba zai iya tsayawa ba, domin a lokacin yana aikin rufi a gine-ginen da ake yi a Samaru, da an sallame asuba yake hawa kekensa. Ran Juma'a kawai yake zuwa ya duba katakon.

Ina ɗan shekara goma sha biyar ko kusa, kuma na tsani aikin nan kamar me. Makonnin farko da daɗi, abokai suna zuwa kallo. Daga baya kowa ya watse, ya bar ni da sauro da raɓa da awakin maƙwabta. Mutanen layi suka fara zolaya, suna cewa kafinta yana jiran rana ta ba shi izini. Ni kuma idan na yi gunaguni Inna ta ce, "Sannu ba ta hana zuwa, ɗauki gudumarka." Ƙusoshin suna matsowa kusa da juna, amma sun ƙi haɗuwa. To, a wani mako aka yi ruwan dare kwana uku a jere, gari ya waye garau da sanyi mai daɗin barci. Kwana ukun nan, da Baba ya karya kwana da kekensa, sai in sulale shago in kwanta ƙarƙashin bencin aiki a kan tarin ɓawon katako. Ran Alhamis da hantsi na tuna gobe Juma'a. Na ɗauki ƙusa uku na je na buga su a jikin ta ƙarshe, ɗaya a kan ɗaya, yadda na san ana so a gani. Ban yi don mugunta ba, na gaji ne, ina so a gama.

Ran Juma'a Baba ya tsaya gaban katakon ya daɗe. Ya shafa ƙusoshin da guntun yatsansa, ya dube ni, ya ce, "To, madalla." Shi ke nan abin da ya ce. Ya karɓi gudumar, ya ce na huta. Ba a ja igiya a ranar ba, ya ce sai ƙarfe ya iso, kuma ƙarfen ya ɗauki kusan mako biyu. Ni dai na samu barcina, ban tambayi komai ba.

Maganar ƙarfen kuwa, Baba ya ce layin da aka ja a ƙasa ruwa zai share, dutse yara za su gusar, tubali magini zai matsar don ya samu sauƙi. Yana son abin da babu mai iya gyara masa zama. Maƙwabcinmu da muke kira Fita, wani Kirista mutumin Kudu da ke aikin gyaran jirgi, shi ya nemo izini wurin manyansa aka ba shi wani tsohon ƙarfen dogo da aka daina amfani da shi. Mutum takwas suka ɗauko shi a kafaɗa suna nishi. Ranar da aka ja igiya rana ta fito tas. Baba ya ja ta daga turke zuwa katako, Fita ya kawo ƙarfensa na awon kusurwa suka fitar da layin sahu, aka haƙa rami aka kwantar da dogon a ciki. Fita ya taka shi da takalminsa ya ce, "Malam, wannan ko jikan jikanka bai iya ɗaga shi." Alhaji Mai Ƙafa ya yi addu'a, Inna ta aiko da kunun tsamiya a ƙwarya, Fita ya sha ya fi kowa. Da gini ya tashi sai ga masallaci ya juya wa titi kafaɗa, bai yi daidai da kowane gida ba. Tun ranar mutane suka sa masa suna Karkatacce, kuma sunan ya bi shi har yau.

Shekaru suka tafi. Alhaji Mai Ƙafa ya rasu, Fita ya koma garinsu, Baba da Inna suka riga mu gidan gaskiya. Aka zuba siminti a kan dogon, daga baya aka sa tayil, daga baya aka shimfiɗa kafet, har waɗanda suka san da ƙarfe a ƙasa suka ƙare. Ni na samu aiki a Samaru na dawo nan da iyalina, amma ban yar da Karkatacce ba, nakan hau mota in je ko don azahar. Ƙusa ukun nan kuwa, da ƙuruciya na manta da su sarai. Sai da furfura ta fara fitowa suka dawo. Ina cikin sujada sai abin ya faɗo mini, in ce anya goshin nan inda ya dace yake kallo? Sai in kore shi da cewa ai Baba ya duba ya ce madalla. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har uwar 'ya'yana da muka yi zaman shekara arba'in ta tafi ba ta sani ba.

A bara ne abin ya tashi. Shugaban kwamitin masallacin, wani yaron kirki mai shagon kayan gini, ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce samarin masallaci sun auna alƙibla da waya, sun ɗora wayoyi har biyar a sahun farko, kuma duk sun nuna masallacin ya kauce sosai. Kibiyar tana komawa kusan miƙewar titi. Ya ce, "Baba, ba raini ba ne. A zamaninsu ba su da na'ura, sun yi iya ƙoƙarinsu. Liman ma ya ce wanda ya yi bakin ƙoƙarinsa ya kuskure, sallarsa ta baya ta yi. Amma yanzu da muka sani, dole a gyara." Sun yanke za a rushe bangon gaba a miƙar da shi, magina za su zo ran Asabar, kuma suna son ni, ɗan wanda ya kafa, in sa albarka.

Ni mai saurin fushi ne, kowa ya sani, kuma na buɗe baki zan wanke shi tas, in ce yaushe aka haife shi, yaushe aka haifi wayar. Sai ƙusa ukun nan suka faɗo mini. Na ce ya ba ni kwana biyu. Bayan ya tafi na zauna a kan tabarma ina juya maganar. Abin da liman ya faɗa gaskiya ne, amma ga wanda ya yi bakin ƙoƙarinsa. Baba ya yi nasa. Ni fa? Ni barci na yi a ƙarƙashin benci. Na riƙa tuno mutanen da suka yi salla a wurin nan, dattawan da suka mutu, gawawwakin da aka sallata a ƙofarsa, sallolin Baba na ƙarshe da yake yi a zaune. Ran Asabar za a rushe bangonsa, a ce kafinta ya kuskure, alhali ɗansa ne ya cuce shi. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma abinci ya ƙi shiga.

Jikata ce ta gano ni. Tana karatun safiyo a jami'a, awon ƙasa da taswira, kuma a gidana take zaune. Ta kawo mini fura da rana ta tarar ta safe tana nan. Ta ce, "Angona, wace ce ta ɓata maka rai in je in same ta? Ko ka gaji da ni ne?" Na ce ta rabu da ni. Ba ta rabu ba, ta zauna ta naɗe ƙafa. Ban san yadda aka yi ba, abin da na ɓoye wa matata sai ga shi ina zazzage wa yarinyar da na yi wa huɗuba. Na ba ta labarin turke da katako, na faɗi ƙusa ukun ban rage ba, na zo kan ranar da mutum takwas suka ɗauko dogo aka binne.

Ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, tsaya, Kaka. Me aka binne?"

Na ce, "Ƙarfen dogo."

"A ina?"

"A sahun farko mana, daga wannan bango zuwa wancan."

"Su kuma a ina suka ɗora wayoyin?"

Na ce a sahun farko. Sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, ni kuwa raina ya ɓaci, na ce ina maganar lahirata tana dariya. Ta share hawaye ta ce in yi haƙuri. Ta ce abin da ke nuna alƙibla a waya kamfas ne, shi kuma kamfas ba ya shiri da ƙarfe, ko kusa da ƙofar mota ka kai shi sai ya rikice, balle a ɗora shi a kan dogon jirgi guda. Ta ce wannan shi ne abu na farko da ake ja musu kunne a kai a aji. Na ce to wannan ya nuna wayar ta yi ƙarya, amma bai nuna ni ban yi ba. Ta ce, "Gaskiyarka. Bari mu gani." Ta ɗauko kwamfutarta ta buɗe hoton Sabon Gari da aka ɗauka daga sama. Na gane kasuwa, na gane layin dogo, sannan ga rufin Karkatacce, shi kaɗai ya juya kafaɗa a cikin gidaje. Ta ja wani jan layi daga kansa, hoton ya yi ta ƙanƙancewa, layin ya ratsa ƙasashe ya haye teku ya sauka a kan Ka'aba. Ta dawo da hoton kan rufin. Jan layin ya fita ta tsakiyar bangon gaba, ko karkacewa ban gani ba. Ta ce, "Kaka, wallahi ko mu da kayan aikinmu iyakar abin da za mu yi ke nan." Na ce ta sake. Ta sake har sau uku.

Washegari da hantsi muka hau keke napep zuwa Sabon Gari. Shugaban kwamiti ya tara samarinsa, suna ta kallon yarinya da jakar kwamfuta, ana murmushin da na gane ma'anarsa. Ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ce mai wayar da ya fi yarda da ita ya fito can tsakiyar fili, nesa da motoci da turakun lantarki. Ya fita, kibiya ta nuna inda masallaci ke kallo. Ta ce ya taho a hankali. Yana shiga yana sunkuyar da wayar kan sahun farko, kibiyar ta juya kamar an murɗe mata wuya. Ya fita ta dawo, ya shiga ta juya. Wani ya ce ko aljanu ne, aka yi dariya. Na ce a naɗe kafet a ɗaga tayil ɗaya a gefen dama. Shugaban da kansa ya kawo kurfi da guduma, ya fasa simintin, bugu na huɗu muka ji ƙarar ƙarfe. Ya share ƙurar da tafin hannunsa, ga bayan dogo, baƙi, yana nan inda Fita ya taka shi. Shugaban ya ɗago ya ce, "Baba, a yafe mana. Da mun rushe daidai mun gina kuskure." Na ce babu komai, ai neman gyara suka yi, kuma matambayi ba ya ɓata.

Sai dai abu ɗaya ya rage mini. In ƙusoshina na ƙarya ne, yaya aka yi layin ya fita daidai? Jikata ta ce wataƙila na yi sa'a ne, rana ta riga ta kusa tsayawa. Ban gamsu ba. Na ce mai keken ya wuce da mu Basawa wurin Yayata, ita kaɗai ta rage a waɗanda suka ga ranar. Ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, amma baki yana nan da kaifinsa. Na zauna kusa da ita na ba ta labari, na zo kan ƙusa ukun ina in-ina kamar yaro.

Ta ce, "Au, wai kai a ganinka Baba bai sani ba?"

Na ce, "Ya sani?"

"Kai dai har ka tsufa ba ka yi wayo ba. Kafinta za ka yi wa dabara da ƙusa? Ranar ya shigo ya ce da Inna, ƙusa a damina kwana ɗaya take fara ja. Ta Talata da ta Laraba da ta Alhamis ba za su zama kala ɗaya ba. Naka kuwa duka uku suna ƙyalli kamar yanzu aka sayo su."

Na ce to me ya sa ya ce madalla. Ta ce, "Me kake so ya ce? Ka manta mako biyun da aka ce ana jiran ƙarfe? Ƙarfe yana bayan gidan Fita tun tuni. Baba ne ya ajiye aikin Samaru, kullum bayan asuba ya je ya sa haɓa a turken nan da kansa, kai kana can kana minshari. Har ya rasa aikin, wani suka ba. Watan nan da ƙyar muka riƙa ɗora tukunya sau biyu." Na tuna watan, na tuna tuwon da ya koma sau ɗaya, ban taɓa haɗa shi da ƙusoshina ba. Na ce don me ba wanda ya gaya mini. Ta ce Inna ta so a zane ni, Baba ya hana. Ya ce in an doke shi, bulalar zai tuna. A bar shi, ranar da abin ya dame shi da kansa, ranar ya san mene ne salla. Ta lalubo hannuna ta riƙe ta ce, "Ya dame ka?" Na ce ya dame ni, Yaya. Ta ce, "To, madalla."

Na yi kuka a ɗakin nan, ban ji kunyar jikata ba. Kukan daɗi ne da na kunya a haɗe, amma daɗin ya fi yawa. Ashe duk shekarun da nake ɗauke da abin nan, Baba ya riga ya sauke shi tun ina barci.

Muka koma Karkatacce daf da azahar. Na roƙi kwamiti alfarma ɗaya, kada a mayar da tayil ɗin nan, a yanke kafet a bar ƙarfen a buɗe, don na baya su gani kafin su ɗora waya. Suka yarda. Wayoyi suka fara kira a aljihu, ladan ya biyo baya, na yi alwala a famfon masallaci ina tuna tuluna. Samarin suka matsa mini na tsaya a gefen dama na sahun farko. Liman ya ce a daidaita sahu, na sa yatsun ƙafata a kan dogon, na ji sanyinsa. Na yi wa Baba addu'a a sujadar farko, na yi masa a ta ƙarshe. Na fi shekara sittin ina salla a wurin nan, amma ranar ce goshina ya taɓa ƙasa ban ji ƙusa ko ɗaya ba.